Nauyin Hannu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Koko da Yawuri, ba zai yi nisa ba zai iso Maiyama. A wani ƙauye da ke gefen wannan gari ne aka tura wani saurayi ɗan Jega aikin koyarwa a makarantar firamare, jim kaɗan bayan ya kammala kwalejin ilimi. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya latti, ba ya fashi. Aibinsa guda ɗaya ne: hannunsa yana da nauyi. Bulala ba ta barin teburinsa, tsawarsa kuwa har a bakin rijiya ana jin ta. Hujjarsa kullum ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai wani abu da mutanen ƙauyen ba su sani ba game da malamin nasu. A ƙarƙashin gadonsa akwai jitar lantarki, wadda ya saya ta hannu wurin wani ɗan'uwansa direba mai zuwa Legas. Da yake kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, shi kuwa bai gada ba, sai ya ɓoye abinsa. Sai dare ya yi, ƙafa ta ɗauke, sannan ya haɗa ta da 'yar lasifika mai batir, ya rage murya, ya yi ta kaɗawa shi kaɗai.

Jitar tasa ta kwaikwayi ƙirar Stratocaster ce, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fara fitarwa a 1954. Tana da tsirkiya 6 na ƙarfe da dogon wuya na katako, wanda aka gitta wa ƙananan ƙarafa 21. Idan makaɗi ya danna tsirkiya a bayan ɗaya daga cikin ƙarafan, sai tsawon da ke rawa ya ragu, amo ya hau. Ƙarfe na 12 shi ke raba tsirkiya gida biyu daidai. A ƙarƙashin tsirkiyoyin kuma akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, shi ke ɗaukar rawarsu ya mayar da ita lantarki, lasifika ta fitar.

Sai dai kuma wani abu ya daɗe yana damun malamin. Tun yana yaro kunnensa ya saba da kukumar Hassan Wayam da ta Garba Supa, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, waɗanda ake sakawa a rediyo. Waɗannan kayan kiɗa magana suke yi. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, akwai na ƙasa, akwai kuma faɗau, wanda ke tashi daga sama ya zame ƙasa a cikin gaɓa guda. Shi ne ya bambanta "kai" na jiki da "kai" wakilin suna. Kukuma tana iya bin wannan zamiya, domin wuyanta ba shi da ƙarafa. Jita kuwa tafiyarta irin ta matakala ce, daga taki sai taki. Ya ga yadda makaɗan Nijar, irin su Bombino da Mdou Moctar, suka sa jita ta bi kiɗan Buzaye, har ya ji cewa Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Sai ya ce a ransa, me zai hana tasa ta yi Hausa?

Ana nan, wata rana ya ga bidiyon wani makaɗi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Yngwie Malmsteen, wanda aka haifa a 1963. Wuyan jitarsa ba shafaffe ba ne kamar na sauran. An fafe katakon da ke tsakanin kowane ƙarfe da na kusa da shi, ya yi kwarmi kamar cikin ludayi. Da malamin ya bi diddigi, sai ya tarar dabarar ta girmi Malmsteen. Ritchie Blackmore na ƙungiyar Deep Purple ta Ingila ya riga shi. John McLaughlin ma ya yi amfani da irin wannan wuya a shekarun 1970, lokacin da yake kiɗa tare da makaɗan Indiya a ƙungiyar Shakti, kuma daga wani abin kiɗansu mai suna bina ya ɗauko hikimar. A kudancin Biyetnam kuwa, da jita mai fafaffen wuya ake raka waƙoƙin wasan kwaikwayonsu na gargajiya. Amfanin abin shi ne yatsa ba ya taɓa katako, tsirkiya kaɗai yake riƙe da ita. Saboda haka makaɗi na iya tura ta gefe, ko ya ƙara danna ta cikin kwarmin, amo ya hau, ya sassauta, amo ya sauko. Malamin ya ce, ga faɗau nan ya samu.

Da aka yi hutu, ya ɗauki jitar ya kai wa wani kafinta a Jega. Kafintan ya juya ta, ya dube shi, ya ce, "Malam, ka dai san abin da aka fafe ba ya komawa?" Ya ce ya sani. Kwana 3 ana aiki da magagari da samfefa, a hankali, don kada a taɓa ƙarafan.

Daren da ya koma da ita ƙauye, ya ɗaure tsirkiyoyi, ya daidaita su, ya kama waƙar da ya fi iyawa. Abin da ya fito bai yi kama da kiɗa ba. Kowane amo ya zarce inda ya kamata ya tsaya. In ya danna tsirkiya 3 tare, sai kowacce ta kama gabanta, kamar zakarun da ba su san juna ba. Ya sake daidaitawa, ya sake gwadawa, abin yana nan yadda yake. Ya zauna a bakin gado, zuciyarsa ta yi baƙi. Kuɗin da ya daɗe yana tarawa, da abu ɗaya da ke ɗebe masa kewa a baƙon wuri, ga shi ya lalata da hannunsa.

Bayan mako biyu, ya kai kukansa wurin wani tsohon makaɗin kukuma a Maiyama, wanda ya daina zuwa biki saboda tsufa. Tsohon bai taɓa riƙe jita ba. Ya sa malamin ya kaɗa, ya zuba wa yatsunsa ido. Can sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, wanga abu naka ba ya da laifi. Hannunka ad da nauyi."

"Baba, ai in ban danna ba, ba za ta yi magana ba."

Tsohon ya jawo kukumarsa, ya goga ƙaro a izga, ya ce, "Duba nan." Sai malamin ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba, duk da shekarun da ya yi yana sauraron kukuma: yatsun makaɗin ba sa kai tsirkiya ga sandar. A iska suke taɓa ta, su tashi. Tsohon ya ce, "Da can itace ke tare ma yatsa. Yanzu ka ɗebe itacen. Wa za shi tare ma, in ba kai ba?"

Nan ne malamin ya gane matsalar. A shafaffen wuya, komai ƙarfin dannarsa, katako ne ke tsayar da yatsa, don haka kuskurensa ba ya fitowa. A fafaffe kuwa, duk ƙarfin da ya wuce kima yana ƙara ɗame tsirkiya, amo ya kauce. Jitar ba ta lalace ba, asirin hannunsa ta tona.

Ba a daɗe ba, wani ɗalibinsa ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu. Iyayen suka ce sai Aliero, garin da ya yi suna wajen noman albasa da kuma ɗori. Malamin ya raka su. Ya yi zaton zai ga ana ja ana murɗawa da ƙarfin tsiya. Sai ya ga dattijon mai ɗori yana bin hannun yaron da kan yatsu, yana yi masa hira, har ya gano inda ƙashin ya rabu. Da ya jera karare zai ɗaure, sai ya riƙa zura yatsa a ƙarƙashin ɗaurin yana gwadawa. Malamin ya tambayi dalili. Dattijon ya ce ɗaurin da ya yi sako-sako ba ya riƙe ƙashi, wanda ya yi tsanani kuwa yakan hana jini gudu, har a rasa hannun gaba ɗaya.

A kan hanyarsu ta komowa, malamin bai ce uffan ba. Tunaninsa ya tafi ga wata yarinya 'yar ajinsa, wadda ke karanta baƙaƙe daidai idan tana tare da ƙawayenta, amma da zarar ya tsaya a kanta da bulala sai harshenta ya sarƙe. Ya daɗe yana ɗaukar ta daƙiƙiya. Ya tuna kuma cewa lokacin da yake gwajin koyarwa, akwai malamin kwaleji da ke zaune a bayan aji yana duba shi, don haka yakan taka a sannu. A ƙauyen nan kuwa, in ya shiga aji, daga shi sai yara 60 da Allahn da ya halicce su. Babu katako a ƙarƙashin yatsansa.

Ya ɗauki kusan wata 4 kafin jitar ta fara yi masa biyayya. Yakan ɗora yatsa a kan tsirkiya ba tare da dannawa ba, sannan ya ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har amo ya fito tas, sai ya tsaya a nan. Ya tarar ƙarfin da ake bukata bai kai yadda ya zata ba ko kusa. Haka ya riƙa yi a aji. Bai daina tsare gida ba, bai kuma bar yara su yi abin da suka ga dama ba, domin tsirkiyar da ba a danna ba ma ba ta magana. Amma bulala ta koma bayan allo, ya koyi jira idan yaro ya yi shiru yana neman amsa.

Ranar da yarinyar nan ta miƙe ta karanta shafi guda ba tare da tuntuɓe ba, bai ce mata komai ba illa "Madalla." Da dare ya fito da jitarsa, ya danna tsirkiya cikin kwarmi, ya kaɗa, ya sassauta a hankali. Amon ya tashi daga sama ya zame ƙasa, kamar bakin Bahaushe.