Wane Ɗa Ne Aka Kwantar?

Duk wanda ya taso a Sabo Ibadan kamar ni ya san idan Ileya ta gabato, wato Babbar Sallah a bakin Yarabawa, ba cinikin raguna kaɗai ke tashi ba, har da musu. Abokaina Kiristoci su ce Ishaku ne aka kwantar, haka yake a Littafin Farawa sura ta 22. Mu kuma mu ce Annabi Isma'il ne (AS).

Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, a Suratus Saffat, inda ƙissar ta zo, ba a faɗi sunan yaron ba. Imam Ɗabari ya rinjayar da Ishaƙ, Ibn Kasir kuwa ya tsaya kan Isma'il. Ni dai hujjar Isma'il ta fi kwanta mini. Sai da aka gama ƙissar yankan sannan aka yi bushara da Ishaƙ, a aya ta 112. A Suratu Hud kuma an yi bushara da Ishaƙ, da Yaƙub a bayansa, to yaya za a ce a yanka wanda aka yi alkawarin zai haihu? Su ma littafinsu ya kira yaron tilo, alhali a lissafinsa Isma'il ya girmi Ishaƙ da shekara 14. Amsarsu ita ce Ishaƙ ne ɗan alkawari.

Amma tambayar da ta fi hana ni barci wani abokin karatuna ne ya yi ta, wanda ba ya masallaci ba ya coci. Ya ce, "Malam, yau mutum ya ce an umarce shi a mafarki ya yanka ɗansa, ba 'yan sanda za ku kira ba?" A garin da aka bankaɗo gawarwaki a dajin Soka a 2014, wannan ba maganar wasa ba ce.

Na ce za mu kira, mafarkin annabawa ne kaɗai wahayi, kuma ba a zubar da jinin yaron ba, an fanshe shi. Na kai wa Baba zancen a rumfa. Shi sunan bai dame shi ba. Ya ce, "Kai yaro, ka lura a Alƙur'ani uban sai da ya nemi ra'ayin ɗan?" Na lura, tunda bara shi da kansa ya yanke cewa kasuwa zan zauna, ba jami'a ba. Ban dai ce uffan ba.