Nowel a Gindin Dutsen Cibiya

Duk wanda ya taɓa shiga tashar jirgin ƙasa ta Yawunde a makon Kirsimeti, wadda mu a nan Kamaru muka fi kira Nowel, ya san abin da ake ce wa cinkoso. Ga sojoji masu tafiya hutu, ga ɗalibai, ga 'yan kasuwa da ƙunshin kayansu, ga kuma mata kowacce da goyo a baya da wani yaron a hannu. A cikin wannan taro ake ganinmu kowace shekara, mu biyu rak, malamin makaranta da uwargidansa tela, da akwati ɗaya da wata ƙatuwar jaka cike da ɗinkakkun kayan yara. Wata baiwar Allah ta taɓa leƙa jakar ta ce, "Kai, madalla! 'Ya'yanku nawa haka?" Muka yi murmushi muka ce na gida ne. Gaskiyar magana ita ce tun 2010 muka yi aure, har yau Allah bai ba mu haihuwa ba.

Inda muke dosa Ngaundere ne, gidan iyayen maigida. Kakansa farke ne daga ƙasar Zazzau, irin Hausawan da fatauci ya kawo Adamawa suka zauna. Mahaifinsa kuwa aikin birkila ya kai shi wajen Turawan mishan na ƙasar Norway, waɗanda suka sauka garin a 1925, a nan ya zama Kirista. Saboda haka mu tsiraru ne a cikin tsiraru, amma harshe ɗaya muke yi da ku, tuwo ɗaya muke ci, kuma ciwon da za mu ambata ba ya tambayar addinin mutum kafin ya shiga gidansa.

Tsakanin Yawunde da Ngaundere kilomita 622 ne a kan dogo, kuma sai a 1974 hanyar ta kai can. Jirgin yakan tashi da dare, a kwana ana tafiya. Idan an tsaya a Nanga-Eboko ko Belabo sai ka ji mata da yara suna bin tagogi da fitilu a hannu, suna tallar ayaba da bobolo, watau rogon nan da ake naɗewa cikin ganye. Wajen asuba sanyi yakan fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin gari ya gama wayewa kurmi ya ƙare, an shiga fili mai ciyawa, ga garken shanun Fulani nan da can, ga masu zuma a Ngaundal da kwalabe a jere. Daga nan zuciya takan fara harbawa, domin an kusa gida, an kuma kusa tambayoyi.

Ngaundere gari ne na kan tudu, ya ɗara mita 1,000 bisa teku, shi ya sa a watan Disamba sai da rigar sanyi da safe. Abin da baƙo zai fara hange shi ne wani dutse a gefen gari, da wani mulmulallen dutsen zaune a ƙwanƙolinsa kamar an ɗora shi da hannu. Mutanen Mbum, waɗanda suka riga Fulani zama a wurin, su suka raɗa masa suna, kuma da harshensu Ngaundere na nufin Dutsen Cibiya. Bahaushe kuwa idan yana son ya faɗi asalinsa sai ya ce inda aka binne cibiyarsa. A bayan ɗakin Inna aka binne ta maigida da ta ƙannensa biyar, da ta wasu daga cikin jikoki. Mun daɗe muna kallon wannan dutse muna tambayar kanmu ko za a taɓa binne wata a can da sunanmu.

Al'adar gidanmu ta Nowel ba ta sakewa. Ran 23 ga wata ake buɗe jakar uwargida, kowane jika ya gwada nasa, duka daga yadi iri ɗaya. Ran 24 da safe a yanka akuya, mata su zauna suyar cincin, da dare kuma a tafi sujada inda yara ke wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, da makiyaya sanye da tsofaffin barguna. Ran 25 bayan an taso daga majami'a sai rabon abinci. Kowane ɗa na Inna yana da kwanonsa da maƙwabcin da yake kai wa, kuma 'ya'yansa ne ke ɗaukar kwanon. Maƙwabtan nan kusan dukansu Musulmi ne, su ma ran Babbar Salla namansu ba ya wuce ƙofarmu. Ran 26 kuma a kwashi yara a hau dutse.

To, a wajen rabon kwanonin nan abin ya fi yi mana zafi. Kwano biyar kan fita a kan 'ya'yan masu su, na shida kuwa sai an yi aron yaro. Ba wanda ya taɓa faɗin wata magana a lokacin, amma shirun ma magana ne. A zaure kuwa kawunnai sukan ja maigida gefe. Wani ya ce akwai mai magani a ƙauye kaza, wani ya ce a yi azumin kwana bakwai, wani ma ya ce, ko da yake ikilisiya ba ta yarda ba, ai namiji ba ya rasa dabara. A madafa kuma ana yi wa uwargida kallon tausayi, wanda wani lokaci ya fi zagi ciwo. Sau ɗaya ta ji wata baƙuwa ta kira ta juya. Ta gama tuƙa tuwonta, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai gari ya waye.

A nan ya kamata mu faɗi abin da mutanenmu ba sa son ji. A 2015 mun je asibiti a Yawunde, likita ya ce ba zai duba mace ita kaɗai ba, sai an gwada mu duka. Da sakamako ya fito, sai ga shi matsalar ta fi yawa a wajen maigida. Shekara biyar ke nan uwargida na shan saiwoyi masu ɗaci da baƙar magana a kan abin da ba laifin kowa ba ne, balle nata. Likitoci suna kiran abu rashin haihuwa idan ma'aurata sun shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai samu ba, kuma dalilin kan fito daga mace, ko daga namiji, ko daga su biyun. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yakan gamu da wannan matsala a rayuwarsa. Akwai aikin haɗa ƙwai a waje a mayar cikin mahaifa, wanda aka fara haihuwa da shi a Ingila a 1978, a nan Kamaru kuma a Duwala a 1998. Mun tambayi kuɗinsa, muka lissafa da albashin malami da abin da keken ɗinki ke kawowa, muka dawo gida shiru. Muna roƙon 'yan'uwa maza, kafin a ɗora wa mace laifi ko a yi mata kishiya, maigida ya daure ya je a gwada shi.

A 2017 muka ce mun gaji, ba za mu je ba. Muka aika da jakar kaya ta hannun wani ɗalibi, muka yi Nowel ɗinmu a ɗaki a Yawunde, da shinkafa da kaza da rediyo. Ba mu taɓa cin abinci marar daɗi irin na ranar ba. Ko majami'a ba mu je ba, domin a lokacin muna fushi, kuma ba za mu ɓoye muku ba, har da Allah muke fushin. Bayan sabuwar shekara ɗalibin ya dawo da kwalbar zuma da kilishi, da saƙon Inna na baka. Ta ce a gaya wa Malam da 'yarta, ita ba jikoki take jira a tasha ba, su take jira. Ta ce kwanonmu yana nan ta kife shi, ba ta bari kowa ya ɗauka ba.

Da shekara ta zagayo muka koma. Ran 25 Inna ta cika kwano na shida ta miƙa wa uwargida, ta ce, "'Yata, ba aron yaro bana. Ku kai da kanku." Muka ɗauka muka shiga gidan wata dattijuwa Hajiya da ke bayanmu. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta dubi uwargida ta ce, "'Yar nan, kada ki bari a karya miki zuciya. Annabi Zakariya ma sai da furfura ta cika masa kai aka ba shi Yahaya. In an ba ku, alhamdu lillahi. In ba a ba ku ba, ba ku fi ƙarfin aljihun Allah ba, yana da abin da ya ajiye muku." Muka fito ba mai iya ce wa wani uffan.

Abin mamaki, wannan labari yana cikin namu Littafin, a farkon Linjilar Luka, kafin ma a zo kan Maryamu da komin dabbobi. Watau labarin Kirsimeti da tsofaffi biyu marasa ɗa ya soma, Zakariya da Alisabatu, kuma an shaide su da adalci tun suna cikin rashin. Mun sha karanta wurin, amma sai a bakin maƙwabciya Musulma muka ji shi sosai. Ba mu ɗauke shi alkawari cewa lalle mu ma za mu haifa ba, domin mun san bayin Allah da yawa da suka yi addu'a har suka koma ga Mahaliccinsu ba su ga nasu ba. Abin da muka riƙe shi ne rashin haihuwa ba hukunci ba ne, kuma Allah bai manta da gidan da babu kukan jariri ba. Har yanzu muna roƙo, wata rana da ƙarfin zuciya, wata rana da hawaye.

Tun daga wannan shekara maigida ne ke koya wa yara wasan daren 24, ya kuma ƙara musu kashi na farko, inda wani yaro ke shafa toka a gemun auduga ya fito a Zakariya. Ran 26 kuma mu ke jan ayari zuwa dutse. Akan fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, da ruwa da ragowar cincin, ƙananan a kan wuya, manyan suna tsere. Daga sama ana ganin gari duka cikin hazo, da rufin kwano, da hasumiyoyin masallatai, da layin dogo da ya ƙare a nan. Yaran sukan yi gardamar inda gidan Inna yake, kowa na nuna wani wuri dabam. Bara wata 'yar ƙanen maigida mai shekara shida ta gaji a hanyar saukowa, ta ce ba mai goya ta sai Mama Tela. Haka uwargida ta sauko da ita har gindin dutse, tana barci a bayanta.

Ga duk masu irin halinmu, ko a Birketeri kuke, ko Garwa, ko Duwala, Musulmi ko Kirista, shawararmu ita ce idan Salla ko Nowel ta zo, ku sayi tikiti ku je gida. Ku kuma 'yan'uwa, in sun iso ku karɓi kayansu, ku tambaye su gajiya, ku bar sauran tambayar. Allah ya ba masu nema, ya raya na waɗanda ya ba, ya kai mu ta baɗi lafiya, amin.