Fam Dubu Biyu Don Kallon Balbela

Har yau kuɗin nan bai bar raina ba. Wani dattijo da muke aiki tare a nan Ingila ya ɗauke ni ran Asabar zuwa Ham Wall, wata fadama a yankin Somerset da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da ita. Muka tarar da mutane sun yi layi a bakin ruwa, tsit kamar ana jiran liman. Ya miƙo mini madubinsa na hangen nesa, ƙirar Swarovski, na tambaye shi nawa ya saya. Ya ce ya haura fam 2,000. Na ɗora a ido hannuna na rawa, sai me zan gani? Balbela. Balbelarmu dai da ke bin sawun shanu a garinmu, Babban Mutum.

Da dare na kira ƙanena na ba shi labari. Ya ce, "Yaya, balbela fa ka ce? Ta bayan shanu?" Na ce ita. A wurin mutanen Ingila baƙuwa ce, sai a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a ƙasar, a Somerset ɗin nan, kuma sun rubuta shekarar sun adana.

Tun a hanyar dawowa daga fadamar alfahari ya cika ni. Abokin nawa sai ya buɗe littafi ko ya kunna manhajar Merlin a waya kafin ya tabbatar da sunan tsuntsu. Yaron da ke tsaron gero a garinmu daga kuka yake raba kurciya da hazbiya, daga inuwa yake gane shirwa ta sauko wa 'yan tsaki, kuma ba wanda zai faɗa masa ma'anar dawowar shamuwa kan bishiyoyin gari. Ko sisi bai biya ba.

Amma da na kwanta sai kishi ya biyo baya. RSPB tun 1889 take, mambobinta sun haura miliyan ɗaya. Tun 1979, duk ƙarshen Janairu mutane kan zauna awa guda su ƙirga tsuntsayen bayan gidansu su aika. Da irin wannan ƙirge suka gane cewa kurciyarsu mai zuwa cin rani yankinmu na Sahel ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari tun shekarun 1970. Mu fa? Ina yaro ungulu cike take a mahauta, har korar ta ake yi. Zuwana na ƙarshe ban ga ko ɗaya ba. Na tambayi mahauta yaushe ta ɗauke ƙafa, kowa ya ce "ai an daɗe". A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, mu da muka zauna da ita ba mu riƙe ko shekarar ba. Wannan ya fi kuɗin madubin yi mini ciwo.

Don haka ga abin da nake faɗa wa ƙanena da abokansa. Ba sai da fam 2,000 ba. Madubi mai lamba 8x42, ko na hannu ne, ya wadatar. Idan ka manna idon kyamarar wayarka a bakinsa, ka jingina da bango ko kututture don kada hannu ya girgiza, za ka sami hoton da za a gane tsuntsu da shi. Fita bayan sallar asuba, lokacin suke kiwo da kuka, ka bar rana a bayanka. Farar riga tana korar su, sa mai duhu. Nemi bakin tabki ko gindin gawo ka zauna, su za su zo maka. Kafin ka ɗaga waya, duba baki, ƙafa da jela, domin su ne ke raba masu kama da juna. Sannan ka rubuta rana, wuri da adadi, da sunan Hausa tukuna. Na Turanci ka neme shi daga baya a littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma. Idan ba ka san na Hausar ba, tambayi makiyayi ko tsohon maharbi, yana da shi.

Lokacin hunturu ka naɗe kayanka a tsumma, kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙura na kankare shi. Kuma Babban Mutum bakin iyaka ne. Kafin ka yi yawo da madubi, je ka gai da mai gari, ka sanar da jami'an tsaro, kada kuma ka juya kyamara wajen gidajen mutane ko mata a rijiya. Abin da ka tara ka aika wa masu shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya na cibiyar APLORI da ke Jos, suna karɓa daga 'yan sa-kai.

Makon jiya na sayi wani madubi na hannu a kan fam 40, zan ba mai tahowa gida ya kai wa ƙanena. Na roƙe shi ya rubuta mini ranar da shamuwa ta fara sauka bana, da bishiyar da ta zaɓa.