Na Bar Burodi a Garin Burodi

Yau labarin cikina zan ba ku, don haka wanda ke da kwano a gabansa ya yi mini afuwa.

A 2009 na sauka Legas daga Kano, na zo taya yayana zama a shagonsa da ke Agege. Duk wanda ya san unguwar ya san abin da ta yi suna a kai: burodin nan mai laushi da danƙo, wanda ake talla a kan faranti tun da asuba. Ni kuwa gwauro ne a lokacin, babu mai dafa mini, don haka teburin mai shayi ya zama gidana na biyu. Da safe burodi da ƙwai da shayi mai kauri, da daddare taliyar leda, in an samu sarari da rana a haɗa da fanke. Kuma mai karatu ya san teburin mai shayi a Kurmi ya wuce wurin cin abinci. Nan ake jin wanda ya zo daga gida, da wanda ya rasu, da wanda za a yi wa karo-karo. Shekara 10 na yi a haka.

Ban san ranar da ciwon ya fara ba, domin a hankali ya shigo. Ciki ya kumbura kamar ganga, zawo ya zo ya tafi, jiki ya mutu, in na miƙe tsaye sai jiri. Ina ci amma ina ramewa, har sai da na ƙara huji biyu a bel ɗina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne alwala. Na daina shiga sahun gaba, na koma tsayawa kusa da ƙofar masallaci, don ban san lokacin da ciki zai tashe ni ba. Kowa kuma da sunan da ya raɗa wa ciwon. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce olsa, mai kemis ya ce taifod. Na sha sassaƙe na gida, na sha agbo na Yarbawa, na sha ƙwayoyin ƙarin jini har na gaji. Akwai ma wanda ya ja ni gefe ya ce in kula da abin da nake karɓa a hannun mutanen gari.

A 2019 aka tura ni wurin wata likitar ciki a wani babban asibiti a nan Legas, saboda jinina ya ƙi hawa duk da magani. Ita ce ta fara tambaya ta abin da nake ci daga safe zuwa dare, sannan ta ce ko akwai lokacin da nake jin sauƙi. Na yi shiru, sai na tuna cewa duk lokacin da na je ƙauyen kakanninmu na yi mako biyu ina cin tuwon dawa, ina shan fura da kunu, cikina lafawa yake yi. Ni a zatona iskar gida ce. Ta rubuta mini gwajin jini mai suna tTG, ta kuma ja kunnena cewa kada in daina cin burodi kafin a gama bincike, domin in mutum ya daina, gwajin na iya nuna lafiya lau alhali ciwon na nan. Bayan sakamakon ya fito aka zura mini siririn bututu mai kyamara ta baki, aka tsakuro ɗan naman ƙaramin hanji aka duba. Sunan ciwon siliyak.

Ga yadda ta yi mini bayani. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi, akwai wani sinadari mai suna gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo, wato shi ne sirrin laushin burodin Agege. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Ga mai siliyak kuwa, da zarar ya isa hanji sai garkuwar jiki ta tashi faɗa, ta afka wa bangon hanjin kansa. A jikin bangon akwai 'yan ƙananan tsirori kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai jini. Faɗan nan na cinye su har wurin ya zama sumul, sai abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana ba. Daga nan ƙarancin jini yake zuwa, da rama, da raunin ƙashi, yara kuma su tsumbure. Babu ƙwaya, babu allura. Maganin shi ne barin gulutin har ƙarshen rayuwa.

Da na gaya wa Yaya, dariya ya yi ya ce wannan ai ciwon Turawa ne, ina ruwan Bakano da shi. Ban ga laifinsa ba, don a can aka fara gano bakin zaren. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya danganta ciwon da alkama. Ya lura cewa a lokacin yunwar da ta afka wa ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke fama da wannan ciwo sun samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Amma ciwon bai san launin fata ba. An ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da shi a duniya, kuma wani bincike da aka buga a 1999 ya samu fiye da kashi 5 cikin 100 a tsakanin yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, a nan nahiyarmu. Yana kuma bin jini: in mutum na da shi, kusan 1 cikin 10 na iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwansa na ciki ɗaya na iya kasancewa da shi.

Da na zauna lissafin abin da zan bari, sai da gabana ya faɗi. Burodi, gurasa, taliya, fanke, cincin, biskit, kek, alkaki, funkaso, tuwon alkama, tuwon semo, har da lemon malt, tunda da sha'ir ake yin sa. Waɗannan ma masu sauƙi ne, don ana ganin su. Masu wahalar su ne na ɓoye. Mai ɗanwake kan haɗa fulawa. Wata mai masa kan barbaɗa 'yar fulawa don ƙullun ya kama. Ƙosai babu ruwansa da alkama, amma in a man da aka soya fanke aka soya shi, an gama da ni. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya na da alkama a ciki, sai an karanta jikin kwalin. Uwa-uba injin niƙa: in wanda ke gabana alkama ya niƙa, garin gerona ya kwashi rabonsa. Ƙa'idar duniya ta ce kafin a rubuta wa abinci cewa babu gulutin a cikinsa, dole ya kasance bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba. Ka ga ke nan ɓarɓashin burodi a kan wuƙa ma abin gudu ne. Yanzu injin mutum ɗaya nake zuwa, ina biyan sa ƙari ya kwance ya wanke, in zama na farko da sassafe.

To amma da na juya lissafin, sai na ga abin da ya rage ya fi abin da ya tafi. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, doya, rogo, dankali, ayaba, nama, kifi, nono, duk nawa ne. Abincin Kurmi da na yi shekaru ina yi wa kallon hadarin kaji, wato amala da teba da sakwara da alala, shi ya zama rufin asirina. Cikin wata shida jinina ya fara hawa, na dawo sahun gaba.

Wahalar gaske a wurin mutane take. A wajenmu, da wajen Yarbawa ma, ƙin abincin mutum magana ce babba, balle ga baƙo. Matar da nake haya a gidanta dattijuwa ce, Kirista, Mama muke ce mata. Duk Kirsimeti takan aiko mini da cincin da kek, in ta yi tuwon semo da miyar agushi ta zubo mini. Bayan an gano ciwon sai na riƙa karɓa da godiya, in faki ido in ba yaran unguwa. Ashe tana gani. Wata rana ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ɗana, shekara nawa kana cin abincin hannuna? Wa ya gaya maka wani abu a kaina?" Na ga idonta ya kawo ruwa. A nan na gane cewa kunyar da na ji ta faɗin ciwona ta sa baiwar Allah tana zaton ina zargin ta da sammu, ko ina ƙyamar addininta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga zawo har kyamara. Bayan kwana biyu ta aiko da amala da miyar ewedu, jikarta ta ce in ji Mama sabuwar muciya ta saya, tawa ce ni kaɗai.

Na gida ya fi wannan nauyi. Duk zuwana Kano, Inna da funkaso da miyar taushe take tarbar ta, tun ina yaro ta san shi ne zaɓina. Zuwan farko bayan asibiti ta ajiye mini kwanon, ta zauna tana kallo na. Na kasa buɗe baki, na cinye. Kwana uku na yi ina biyan bashin wannan kunya, ita kuma tana ta sintiri da jiƙo, tana cewa ruwan Legas ya ɓata mini ciki. A rana ta huɗu na ce, "Inna, alkama ce ba ta yi da ni." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "To ai mu da muka taso, sai biki ko salla ake ganin alkama. Da gero aka raine ka." Tun daga ranar waina take yi mini, da shinkafar da ta wanke da hannunta. Na kuma roƙi ƙannena su je a gwada su, musamman ƙanwata da kowane ciki sai an yi mata ƙarin jini.

Ba ina cewa duk mai kumburin ciki siliyak gare shi ba. Akwai waɗanda alkama ke damu ba tare da hanjinsu ya lalace ba, akwai kuma masu borin jini da ita, kowanne da hukuncinsa. Abin da nake roƙo shi ne, wanda ya daɗe yana fama da zawo da rama da ƙarancin jini, ko yake da yaron da ya ƙi girma, ya ambaci sunan ciwon nan a gaban likita, kuma kada ya yanke wa kansa alkama kafin gwaji. In kuma baƙo ya ce maka ba ya cin wani abu, ka tambaye shi dalili kafin ka yi fushi.

Har gobe ina zuwa teburin mai shayi, don a nan labarin gida yake. Nakan zo da dafaffen dankalina a leda, mai shayin kuma ya ware mini ƙaramin kasko da cokali, yana rataye su a ƙusa daban. In baƙo ya miƙo mini burodi, kafin in yi magana 'yan teburin sun riga ni: "Bar shi, ba ya ci." Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai wani jiƙon.