Sawun Da Hoto Ke Bari

A unguwar Gudu ta Abuja akwai wani saurayi mai gyaran wayar hannu, wanda Allah Ya zuba wa son bincike. Ran nan aka aiko masa da hoton gobara, aka ce wai a kasuwar unguwarsu ne. Shi kuwa daga can ya taso da la'asar, bai ga ko hayaƙi ba. Sai ya ce bari ya bi diddigi.

Ya daɗe yana jin labarin Bellingcat, watau ƙungiyar 'yan bincike da Eliot Higgins ya kafa a Ingila cikin 2014. Suna da wata 'yar manhaja da aka rubuta da Python, wadda suka saki kyauta. Aikinta ɗaya ne. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu, ɗaya na nuna nisansa arewa ko kudu, ɗaya gabas ko yamma. In aka ba ta lambobin nan, sai ta jero sunayen wuraren kewaye da mutane ke liƙa wa hotunansu a Instagram.

Bayan isha'i ya zauna ya ɗora ta a kwamfutarsa. Da fari ta ƙi, sai da ya haɗa ta da shafinsa na Instagram. Sa'an nan ya kwafo lambobin Gudu daga taswirar Google, kusan digiri 9 arewa da digiri 7 da rabi gabas. Nan da nan sunaye suka zubo: kantuna, makarantu, gidajen abinci. Ya riƙa buɗe su ɗai ɗai. Hotunan kasuwa na yinin nan duk lafiya lau suke, ashe labarin gobara ƙanzon kurege ne.

Yana shirin rufewa ke nan sai ya ga sunan layinsu. Da ya buɗe, sai ga autarsu tsaye a ƙofar gida, lambar gidan a fili. Ga ta kuma a bakin makarantar Islamiyya ran Asabar, ga ta a shagon ɗinki. Wanda bai taɓa saninta ba, cikin minti goma zai san inda take kwana da ranar da take fita. A zamanin da masu satar mutane ke neman mai ba su labari, gabansa ya faɗi.

Da gari ya waye ya kira ta ya nuna mata.

Ta ce, "Yaya, ai ƙawayena kaɗai na sa wa."

Ya ce, "Auta, shafinki a buɗe yake, kuma ke da hannunki kika rubuta wurin. Manhajar nan ba ta saci kome ba, abin da aka shanya ta kwaso."

Ba ita kaɗai ta taɓa yin wannan sakaci ba. Cikin Janairu 2018 taswirar Strava, manhajar masu motsa jiki, ta tona sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai.

Suka zauna tare, ta kulle shafinta, ta cire sunan wuri daga tsofaffin hotuna, wanda ke nuna ƙofar gida kuma ta goge shi. Tun daga ran nan, duk wanda ya kawo masa gyara, kafin ya miƙa wayar sai ya tambaya, "Alhaji, ka san wayar nan tana faɗin inda kake?"