Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Na Zaɓi Kayan Kwamfutar Wasa

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wani abu da yawancinmu ke sha'awa, amma kaɗan ne ke tsayawa su yi lissafinsa, watau mallakar kwamfutar wasa. Kowa ya san yadda samari ke cika gidajen gem a Gwarzo da Kabo da yamma, ana biya ana buga ƙwallo. Kowa kuma ya san yadda iyaye ke kallon abin, ɓata lokaci ne a wurinsu da ɓarnar kuɗi. Ni na haɗa tawa a garinmu Kara da ɗan abin da ke hannuna. Babban abin da na koya shi ne, ɗan karkara tun daga cikin gidansu ya ke fara zaɓen kayan kwamfuta, tun kafin ya taka kasuwa.

Da farko dai bari in faɗi inda kuɗin ya fito. Raguna biyu na turke tun bayan kaka, ina ba su harawa da dusa safe da yamma, har gab da Babbar Salla ta 2025 aka sayar da su. Da na gaya wa Baba abin da na ke so in yi da kuɗin, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Kuɗinka ne, kai ka sha wahalarsu. Amma sharaɗina biyu. Na ɗaya, lalle ne ƙanwarka ta koyi aiki da ita. Na biyu, in ta mutu bayan wata guda, kada ka zo mini da kuka, domin ba ni da kwabon da zan ƙara maka." Baba yana da hujja. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta a ke yin ta, ga shi kuwa da yawa daga cikinmu sai a ɗakin jarrabawa mu ke fara riƙe linzamin kwamfuta da hannunmu.

Batun sayen sabuwa kuwa bai ma taso ba. Duk kayan nan daga waje a ke shigo da su da dala. Kafin watan Yuni na 2023 farashin gwamnati na dala ɗaya kimanin naira 460 ne, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Saboda haka kuɗin raguna biyu kayan hannu kaɗai za su iya saye, watau waɗanda aka yi aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka aka kawo mana.

Yayana, wanda sana'arsa haɗa sola ce, shi ya fara zaunar da ni. Ya ce, "Kafin ka ambaci sunan kowane kaya, gaya mini da wace wuta za ka kunna ta." Wutar lantarki a wajenmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Abin da mu ka dogara da shi a gida shi ne batirin darma guda ɗaya mai bolt 12 da amfiya 100, da 'yar inbata. Yaya ya ɗauki alli ya yi mini lissafi a jikin ƙofa. In an ninka 12 sau 100 za a sami 1,200, watau batirin zai iya ba da wat 1,200 na tsawon awa ɗaya. Amma batirin darma in ana zuƙe shi fiye da rabi, ba ya daɗewa zai lalace. Ashe ke nan 600 ne kawai namu. Kwamfutar da ke shan wat 200 tare da allonta za ta yi kusan awa uku. Wadda ke shan fiye da 300 kuwa ba za ta kai awa biyu ba. Bugu da ƙari, da wannan batirin ne Inna ke kunna fitilar ɗakinta da dare, da shi kuma a ke cajin wayoyin gidan. To, nan na gane cewa kowane wat da na ƙara, daga hasken ɗakin Inna na ɗebo shi. Muka yanke shawara kada kwamfutar ta wuce wat 200.

Da wannan lamba a aljihu muka kama hanyar Kano, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo, ta Rimin Gado har Kabuga. Daga nan muka hau a-daidaita-sahu zuwa Titin Beirut, inda 'yan kwamfuta su ka fi yawa. Hanya biyu ce a gabanmu. Ko dai mu sayi kowane kaya daban mu harhaɗa, ko kuwa mu sayi tsohuwar kwamfutar ofis sukutum, mu ƙara mata abin da ta rasa. Ta biyun ta fi sauƙin kuɗi, domin akwati da babban allon ciki da akwatin wuta duk a farashi ɗaya za su zo, kuma an riga an san sun dace da juna.

Abu na farko da muka duba shi ne ƙwaƙwalwar injin, wadda 'yan kasuwa ke kira forosesa. A nan akwai wayon da ya kamata kowa ya sani. Mai shago zai ce maka, "Core i5 ce," ya yi shiru, kamar dai duk i5 ɗaya su ke. Alhali kuwa zubi-zubi ne. Lambar farko bayan sunan ita ke nuna zubin. Alal misali, i5-4570 zubi na huɗu ce, ta 2013, tana shan wat 84. Ita kuwa i5-8500 zubi na takwas ce, ta 2018, tana da sassa shida masu aiki a lokaci guda, amma wat 65 kawai ta ke sha. Akwai kuma wani dalili. A lokacin kamfanin Microsoft ya riga ya sanar zai daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, haka kuwa aka yi. Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalen Intel da ke ƙasa da zubi na takwas. Tun da ƙanwata za ta yi shekaru tana karatu da injin, sai muka daure muka ɗauki Dell OptiPlex mai i5-8500, ko da ya ke ta cinye kusan rabin kuɗin.

Irin wannan inji yana zuwa da akwati siriri da kuma babba mai tsayi. Siririn ya fi kyan gani, ya fi araha, amma katin hoto na yau da kullum ba ya shiga cikinsa, kuma iska ba ta yawo sosai. Babban muka zaɓa, mai akwatin wuta na wat 260.

Sai kuma katin hoto, wanda shi ne ran kwamfutar wasa, shi ne kuma inda kwaɗayi ke kama yara. Wani mai shago ya ɗauko mini RX 580 mai giga 8, ƙato mai fanka biyu, ya ce, "Samari, wannan shi ne na manya, kuma zan yi maka ragi." Gaskiya ne ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma shi kaɗai wat 185 ya ke sha, yana bukatar wayar wuta ta musamman wadda injinmu ba shi da ita, sai an sake sayen akwatin wuta mai kamar wat 500. Ban da haka, Yaya ya tuna mini cewa tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a watan Satumba na 2022, katunan da su ka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin kayan hannu, kuma irin wannan yana cikin waɗanda aka fi yin aikin da su. Na ce wa mai shagon, "Na gode, Alhaji, amma batirinmu ba zai ɗauke shi ba."

Wanda muka ɗauka shi ne GTX 1050 Ti mai giga 4, wanda ya fito a 2016. Wat 75 ya ke sha, kuma daga ramin da a ke soke shi a jikin babban allo ya ke samun wutarsa, ba sai da wata waya ba. In aka haɗa 65 da 75, aka ƙara na sauran kayan ciki da na allon kallo, za a tsaya a wajen 200 ɗin da muka yi alkawari. Sai dai a kula, wannan kati yana da jabu da yawa a duniya, tsofaffin katuna ne a ke sauya wa suna. Alama ɗaya mai sauƙi ita ce, na gaskiyar ba shi da ramin VGA, watau ramin nan mai shuɗin baki na tsofaffin alluna. In ka ga ramin a jikinsa, ajiye shi ka yi gaba. Wannan ne ya sa muka nemi allon kallo mai ramin HDMI, mai inci 22, shi ma na hannu.

Ragowar kuɗin muka raba wa RAM da ma'ajiya. Injin ya zo da RAM sanda ɗaya mai giga 8, muka ƙara masa ɗaya irinsa, domin sanda biyu masu aiki tare sun fi ɗaya sauri. A nan ma akwai abin lura. DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya ta ke ba, kuma zubi na takwas DDR4 ya ke ɗauka. Sa'an nan muka sayi SSD mai giga 256 domin Windows da kayan karatu, muka bar tsohon faifan da ya zo da injin, mai giga 500, domin ajiyar wasanni. SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki, saboda haka ya fi sauri, ya fi kuma jure girgizar mota.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ba mu biya ko sisi ba sai da aka haɗa komai a gabanmu, aka kunna wasa aka bar shi yana tafiya rabin awa. Yaya yana duban ma'aunin zafin katin kada ya haura digiri 80, ni kuma ina duban allo ko zan ga zane-zane ko ɗigo-ɗigo, ina kuma sauraron kukan fanka. Muka sa mai shagon ya rubuta lambar kowane kaya a jikin rasit, da yawan kwanakin da ya yarda a dawo da shi in ya ba da matsala. Wanda gidansu ke da nisan kilomita 70 daga kasuwa bai kamata ya ji kunyar yin wannan ba.

Da muka dawo gida sai wani aiki ya tashi, watau yaƙi da zafi da ƙura. A bazara zafin ƙasarmu yana kai digiri 40, da hunturu kuwa ƙura har cikin kwano ta ke shiga. Na ɗora injin a kan tebur, ba na ajiye shi a ƙasa, na kuma bar masa taƙi guda tsakaninsa da bango. In an kashe shi ya huce sai in lulluɓe shi da tsohon zane. Duk wata ina buɗe shi in busa ƙurar. Ba na kunna shi da tsakar rana a bazara, ba na kuma jona shi kai tsaye da wutar layi, sai ta inbata, domin wutar da ke hawa da sauka ita ke ƙone akwatin wuta.

Kada kowa ya ɗauka wata gagarumar na'ura na mallaka. PES 2021 da GTA V suna tafiya lafiya lau. EA Sports FC 24 kuwa, wanda ya gaji FIFA a 2023, katina shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya ke karɓa, sai na rage kyan hoto kafin ya tafi. Akwai sababbin wasannin da ko gwada su ba na yi. Amma injin yana nan da ransa, fitilar Inna ba ta taɓa mutuwa saboda shi ba. Mun yi tsari a gida, awa ɗaya ta karatu kafin awa ɗaya ta wasa. Ƙanwata yanzu tana buga rubutu ba tare da duban yatsunta ba, har ƙawayenta biyu na zuwa ranar Asabar su gwada amsa tambayoyin jarrabawa a kan allo.

Daga ƙarshe, shawarata ga 'yan'uwana ita ce, duk mai niyyar irin wannan saye ya fara rubuta abu uku a takarda: ƙarfin wutar gidansu, yawan kuɗinsa, da sunayen wasannin da ya ke so ya buga. Ya tafi da wanda ya san kan abin, kada ya biya sai ya gwada. Iyayenmu kuma ina roƙonku, in yaro ya zo da wannan magana kada a kore shi tun daga bakin ƙofa. A sa shi ya kawo lissafinsa a rubuce, a gindaya masa sharaɗi. Yaron da ya iya lissafa wat da bolt domin ya buga ƙwallo, ya riga ya fara karatun da zai amfane shi.