Manyan igwa na tsibirin Gore

Daga Kornaka zuwa Dakar, babban birnin ƙasar Senegal, tafiya ta fi kilomita 2,500 wajen yamma. A nan ƙasa ta ƙare, sai teku. Cikin tekun akwai wani ɗan tudu da ruwa ya kewaye, sunansa tsibirin Gore. Tsawonsa mita 900 ne kawai. Jirgin ruwa yana kai mutum can cikin minti 20.

A Gore babu mota. Baƙo yana taka sayyadarsa, ya wuce tsohon gidan bayi, ya kama hawan dutse ta kudu. Sunan dutsen Kastel. A bisansa ne wasu manyan bindigogi guda 2 suke, irin waɗanda ake ce ma igwa. Suna jere cikin rumfar ƙarfe, bakinsu na kallon teku. Faɗin ramin kowace santimita 24 ne, ya fi taƙi guda. Daga wani tsohon jirgin yaƙi Faransawa suka ciro su, suka kafa a nan don tsaron Dakar.

A ƙarƙashinsu akwai ɗakunan siminti da ramuka, inda soja suke ɓuya, suna ajiye harsasai. Yau tsatsa ta ci ƙarfen. Masu zane sun tare a wasu ɗakunan, suna sayar da hotuna ga baƙi.

To, ina ruwan manomin Kornaka da igwar bakin teku? Ga dalili.

A 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Faransawa suka rabu biyu. Wasu suka bi Marshal Feten, wanda ya yi sulhu da Jamus. Wasu suka bi Janar Dugol, wanda ya gudu Ingila don ci gaba da yaƙi. Lokacin nan Nijar tana hannun Faransa, kuma daga Dakar ake ba da umurni. Babban gwamnan da ke can, Buwason, ya bi Feten.

Ranar 23 ga Satumba 1940 Dugol ya zo da jiragen yaƙin Ingila, yana so a ba shi Dakar. Aka ƙi. Hazo ya rufe teku, wuta ta tashi. Igwa na bakin teku, har da na Gore, da wani babban jirgin Faransa da ke tasha, suka yi ta ɓarin wuta kwana 3. Harsasai sun faɗa cikin gari, talakawa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka mutu. Ranar 25 ga wata jiragen Ingila suka juya.

Da Dakar ta tsaya wajen Feten, Nijar ma ta tsaya. Nijeriya kuwa ta Ingila ce. Sai aka tsananta tsaron iyaka. Hanyar Maraɗi zuwa Katsina da Kano, wadda fatake da masu dabbobi suka saba bi, ta koma ta fasa-ƙwabri. Yadi da sukari suka yi wuya. Kwamanda ya riƙa neman hatsi da bisashe daga talakawa, ga kuma aikin tilas.

A Nuwamba 1942 Dakar ta koma wajen Amurka da Ingila, amma nauyin yaƙi bai sauka daga kan manomi ba. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jama'a, igwan Gore sun yi shiru, amma ƙararsu ta taɓa rumbunan kakanninmu. Tsofaffin da suka ga zamanin da idonsu saura kaɗan. Wanda yake da irinsu a gida ya zauna kusa da su, ya tambaye su yadda aka yi a garinsu.